Yaran Da Ba Sa Jin Guduma

Litinin, 5 ga Mayu

Ta kira ni! Yau 'Yar Ƙusa ta kira ni. Shekara shida da wata huɗu a duniya, sai yau jikata ta kira kakanta.

Ina shago ina gyaran ƙafar wani tebur, uwarta, matar ɗana, ta dawo da ita daga makaranta. Ta ja mini riga. Ta dunƙule hannun dama ta buga a tafin hagu sau biyu, ta shafa haɓarta, sannan ta nuna ni. Surukata ta ce, "Baba, sunanka ke nan. Mai guduma, mai gemu. Ita da kanta ta raɗa maka." Na ajiye zarto, na yi mata alama ta sake. Ta sake. Na ce ta ƙara. Har ta gaji da ni, ta murguɗa baki ta shige gida.

Tsohuwa, matata, ta ce in zauna kada in faɗi. Wai, "Dubi mutum da farin gemu yana hawaye don an ce masa mai guduma. Ni shekara arba'in ina kiranka, ba ka taɓa amsawa a kiran farko ba."

Yarinyar ba ta ji. Haka aka haife ta. Akwai kalmar da mutane ke faɗa, ba na son rubuta ta. Wata bakwai ke nan da uwarta ta sa ta a ajin masu irin lalurarta, a can ƙuryar makarantar firamare, inda ake koya musu magana da hannu. Ni ban so ba a lokacin.

Ni na sa mata 'Yar Ƙusa, don siririya ce, kuma in ta kafe a wuri sai an sa ƙarfi. Yau ta rama.

Rubutun ya karkace. A bar shi haka.

Laraba, 7 ga Mayu

Makarantar yamma. Shekarata ta uku ke nan a kan bencin nan, ni da na fara riƙe fensir don rubutu ina da sittin da ɗaya. Da can layi kawai nake ja da shi a jikin katako.

Yau Malam ya koya mana wani salon maganar Turawa. Ya ce in mutum ya fito fili yana goyon bayan wani abu, yana yayata shi a ko'ina ba ya gajiya, sai su ce yana buga wa abin ganga. Tela, wanda muke benci ɗaya, ya ɗaga hannu. "Malam, gangar a ina ake saye? Don ni ina da abubuwan yayatawa da yawa, na farko ƙofofin Kafinta duk a karkace suke." Aka yi dariya. Shekara talatin muna tare da Tela, wasan nan bai canza ba. Bai taɓa ba ni ko gyaran taga a gidansa ba, wai yana tausayin gidan.

Malam ya ce babu wata ganga, baki ne da ƙafa. Ya ce ba a faɗin haka ga wanda yake yabon kansa, wannan suna da wata maganar daban. Sai dai ga wanda ya tsaya wa wani abu, kamar asibiti ko karatun mata, yana faɗa a gaban jama'a. Ya ce wani lokaci yabo ne, wani lokaci kuma mutane na faɗa ne in sun gaji da nacin mutum.

Aikin gida: kowa ya rubuta jimla ɗaya da Turanci da wannan salon, kuma ta zama gaskiya a kansa. Nan da sati huɗu.

Na so in gaya wa Tela labarin sunana. Na buɗe baki, sai na tambaye shi farashin zare.

Alhamis, 8 ga Mayu

Murna ta kwana uku ce ashe.

Surukata ta dawo ba walwala. Ta durƙusa ta ce za a rufe ajin. Yara shida ne kawai a rajista. Hukuma ta ce aji na musamman ba ya zama sai da yara goma. Jami'in ilimi zai zo ranar Juma'a talatin ga wata ya ƙirga da idonsa. In ba su kai ba, za a ɗauke Malama a kai ta wani gari. Makaranta irin wannan mafi kusa tafiyar yini guda ce, ta kwana ce kuma. Yarinyar da ko ɗaure takalmi ba ta gama iyawa ba.

Ta ce Malama ta roƙi iyaye su fita su yi magana, don ta tabbata akwai yaran a cikin gidaje, ɓoye su ake yi. Uban yarinyar yana kan hanya da motar kaya, sai bayan sati uku. "Baba, kai mutane ke jin maganarka."

Na ce Allah ya kyauta. Na ce na ji bencinan ajin sun lalace, zan duba su.

Ta ce to. Ba ta ɗago kai ba. Wannan "to" ɗin ya fi mari.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je da sassafe kafin kowa, mai gadi ya buɗe mini. Benci huɗu, allo ɗaya, sakatar ƙofa. Ba wanda ya gan ni.

A jikin bango akwai zanen yara. Wani mutum da ƙaton gemu da wani abu a hannu. Ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na daɗe a gabansa.

Litinin, 12 ga Mayu

Bayan an tashi daga darasi na tsaya na tambayi Malam. Na ce a ce wani mutum yana son wani abu ƙwarai, yana zuwa yana yi masa aiki a ɓoye, bai karɓi ko godiya ba. Za a iya cewa yana buga wa abin ganga?

Ya ce, "Baba Kafinta, wannan mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Amma ba a faɗin wannan maganar a kansa. Sharaɗinta a ji ka, a kuma san kai ne."

Na ce ai ba ni ba ne, wani ne.

Ya ce, "To, ka gaida shi."

Alhamis, 15 ga Mayu

Abin nan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Tsohuwa. Bari in gwada ko takarda za ta ɗauka.

Duk kafintan da ya daɗe yana shiga gidajen mutane ya san wannan. In ka buga guduma a cikin gida, kowane yaro sai ya firgita. Jariri ya ƙifta ido, mai rarrafe ya yi kuka, mai wayo ya toshe kunne ko ya zo kallo. Shi ya sa kafin in fara aiki nake cewa a ɗauke yara. Amma can ba a rasa ba, sai ka ga yaron da yake zaune da bayansa gare ka, kana dukan ƙyaure har ƙura na tashi, shi yana wasansa. Ko kafaɗa ba ta motsa ba. In na ga haka sai in duƙar da kai in ci gaba da aikina. Uwar ta kalle ni, ni in kalli ƙusa. Mun gane juna.

'Yar Ƙusa tana da wata takwas, an shimfiɗa ta a tabarma a bakin shago. Wani falanki ya suɓuce mini ya faɗi a kan siminti, taku biyu daga kanta. Kaji suka watse. Maƙwabci ya leƙo. Ita tana wasa da yatsun ƙafarta. Na ɗauki guduma na zaga bayanta na doki tebur da gangan. Sau uku.

Na sani tun ranar. Na yi shiru.

Shekara biyu da rabi uwarta tana yawo da ita. Wasu suka ce nauyin baki ne, wasu suka ce uwar ce ba ta yi mata hira. 'Yan uwana mata har sun ce sakaci ne irin na matan yanzu. Ina zaune ina ji. Sai da wani likita ya faɗa tana da shekara uku da wani abu. Ya ce da an kawo ta da wuri da an fara koya mata da wuri.

Me na ji tsoro? A ce a gidan Kafinta aka haifi wannan. A ce jini ne, a guji 'ya'yana mata. Ko baƙo ya yi sallama, sai in kaɗa mata hannu ta shige ciki. In an riga an gan ta, aka gaishe ta ba ta amsa ba, sai in ce kunya gare ta.

Na zauna yau na tuna gidajen da na yi aiki cikin 'yan shekarun nan. Biyar. Gida biyar na sani da yaron da bai waiwayo ba. Malama tana neman huɗu.

Saura kwana goma sha biyar.

Asabar, 17 ga Mayu

Na yi wauta.

Na rataya jakar kayan aiki na fita, wai ina zagayen duba ƙofofin da na sa, ko akwai wadda ta saki. Gida na farko na ƙara wa ƙofar da ba abin da ya same ta ƙusa biyu, na sha ruwa, na ce wai na ji labarin wani aji, wai akwai wata yarinya ta wasu mutane da ta amfana. Matar gidan ta ce madalla, Allah ya ba su lafiya. Gida na biyu haka. Na uku sun tashi daga unguwar tun bara.

Na huɗu gidan Mahauci. Shi bai bar ni na kai ƙarshe ba. Ya goge hannu a riga ya ce, "Kafinta, ƙofa ka zo dubawa ko ɗana?"

Na ce ai magana ce kawai.

"Wace yarinya? 'Yar wa? Kai gidanka lafiya lau, jikokinka sai kunya, ka ɗauko jaka ka zo ka tona mini asiri a ƙofar gidana? Na ba ka aiki don na ɗauka idonka a kan katako yake."

Yadda ya faɗi "sai kunya" ɗin nan. Ya sani. Wataƙila duk layin sun sani, suna raga mini ne kamar yadda nake raga musu.

Gida na biyar ban je ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ban fita ba. Tsohuwa ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce baya ne.

Talata, 20 ga Mayu

Wani ya zo yin odar gado. 'Yar Ƙusa tana ƙasan tebur tana tara gutsattsarin katako. Tana hango shi ta tashi da kanta, ta kalle ni, ta kaɗa hannu baya sau biyu, ta shige gida. Ban ma ce mata komai ba.

Da mutumin ya tafi na tambayi surukata me wannan alamar take nufi, ko a makaranta aka koya musu. Ta ce ba a makaranta ba ne. Ta ce Malama ma ta tambaye ta, don duk lokacin da wani ya shigo aji yarinyar takan yi haka ta nufi bayan allo. "A wurinta, Baba, haka ake cewa baƙo."

Hannuna ne. Kaɗin da nake mata ne. Kafin ta san sunan ruwa da sunan uwa a bakin kowa, ni na koya mata kalma ɗaya.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban je makaranta ba. Bayan la'asar na ce Tsohuwa ta kira mini surukata, ita ma ta zauna. Na gaya musu labarin falankin, ban rage komai ba.

Tsohuwa ta ce, "Wata takwas?" Ta ƙara cewa, "Wata takwas, Malam?" Ba ta kirana Malam sai abu ya ɓaci.

Surukata ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana murza gefen zaninta. Can ta ce, "Ranar da Gwaggo, 'yar'uwarka, ta ce ni na lalata ta, kana nan zaune a kan kujerar can." Na ce ina nan. Ta ce, "Na duba fuskarka a ranar, ina jiran ka ce wani abu."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Baba, yafiya tana nan, ba inda za ta. Amma ajin saura kwana tara."

Juma'a, 23 ga Mayu

Gobe akwai taron mazauna layi a kan magudanar ruwa da ta toshe. Kowane mai gida zai zo. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na yaga. Na sake, na yaga.

Tsohuwa ta wanke mini farar riga ba tare da na ce ba. Har yanzu ba ta yi mini magana sai ta dole.

Asabar, 24 ga Mayu

Na yi.

An jera bencina a gaban shagon mai kayan gini. Mutum kusan hamsin, mata a gefe ɗaya. Aka yi awa guda ana gardamar wa ke zuba shara a kwata. Da shugaban layi ya ce ko akwai mai ƙarin magana, sai na ji ƙafafuna sun miƙe da ni. Na je wajen mata na kamo hannun 'Yar Ƙusa. Da ta ga yawan mutanen sai ta kaɗa hannun nan baya, ta fara ja. Na riƙe hannun. Na sauke shi a hankali. Na ɗora ta a kan benci ta tsaya kowa na ganinta.

Tela daga baya ya ce, "A'a, Kafinta zai yi jawabi, a riƙe bencin da kyau, shi ya ƙera shi." Aka ɗan yi dariya.

Na ce, "Wannan jikata ce. Shekara shida ina ce muku kunya gare ta. Ƙarya nake yi. Ba ta ji."

Ban san me na faɗa daki-daki ba. Na san na faɗi falankin. Na faɗi shekara biyu da rabi da na bari ana zagin surukata. Na ce akwai aji, yara shida, ana neman goma kafin Juma'a, in ba haka ba a rufe. Na ce na shiga gidajenku da guduma, abin da na gani na gani, ba zan kira sunan kowa ba har in mutu. Amma ku ma kun sani. Na ce abin da na yi wa tawa kada ku yi wa naku.

Sannan na taɓa ƙirjina na tambaye ta da ido. Ta dubi mutane, ta dube ni. Ta dunƙule hannu ta buga a tafi sau biyu, ta shafa haɓa. Na ce, "Kun gani? Sunana ne. Wata bakwai a ajin nan."

Wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska. Mahauci yana kallon ƙasa. Shugaban layi ya yi gyaran murya ya ce an ji, Allah ya sa mu dace, aka koma maganar kwata.

Da aka watse na nemi Tela, na san ya tanadar mini tsiya. Ya riga ya tafi.

A hanya Tsohuwa ta ce rigar ta yi mini kyau.

Litinin, 26 ga Mayu

Biyu! Gida na farko da na biyu, waɗanda na je na yi wa ƙarya da jaka. Matan da kansu suka kai yaransu ajin. Takwas ke nan.

Na bar aikin gadon. Na ɗauki 'Yar Ƙusa bayan an tashe su, muka shiga kasuwa, tashar mota, bakin asibiti. Duk inda na ga mutum uku a tsaye sai in tsaya in faɗa. Wani mai shayi ya ce, "Baba, ka faɗa mana ɗazu." Na ce to ku sake ji.

Gida na biyar na je yau. Mai gidan ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya gode, amma tasa ba za ta fita ba. Ya rufe ƙofar a hankali. Ni na sa ƙofar, ko ƙara ba ta yi ba.

Talata, 27 ga Mayu

Mahauci ya biyo ta gaban shago da ɗansa a hannu, an yi masa aski. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Ta wace ƙofa ake shiga?" Na ce ta babbar ƙofa, ta gaba. Na ajiye guduma na raka su.

Tara.

Laraba, 28 ga Mayu

Tara har yanzu. Gidajen da na sani sun ƙare.

Na je makarantar yamma, na roƙi Malam minti biyar na yi wa 'yan aji magana. Gefen bencina babu kowa. Tela bai zo Litinin ba, yau ma bai zo ba. Shagonsa a buɗe, na hango shi a kan keken ɗinki, da ya gan ni ya sunkuyar da kai. Ban san me na yi masa ba. Ko yana jin kunyar a gan shi da ni ne yanzu. Shekara talatin.

Alhamis, 29 ga Mayu

Malama ta ce ta roƙi jami'in ta waya ko zai karɓi tara. Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba.

Surukata ta fara tambayar yadda makarantar kwanan take. Na ji ta tana tambayar ko suna barin yaro ya zo da bargonsa.

'Yar Ƙusa ta koya mini "gobe" da "ruwa" da "ƙarya kake". Na ukun ta fi maimaita mini, don na ce mata ban gaji ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ƙarfe tara muna ajin, iyaye a tsaye a jikin bango. Yara tara a kan bencinan da na gyara. Jami'in ya zo ƙarfe goma, mutum ne mai ladabi, ya buɗe rajista yana kira Malama tana nunawa. Ya kai tara ya tsaya. Ya duba bayan takardar kamar wani suna zai fito. Ya ce, "Wallahi ba a son raina ba." Ya cire murfin biro.

Sai aka yi sallama a ƙofa, muryar da na sani ko a cikin barci.

Tela ne. Da tef ɗin awo a wuya, ko cirewa bai yi ba. Yana riƙe da wata yarinya da za ta kai shekara tara, da sabuwar riga, ɗinkin hannunsa, ko zaren gefe ba a yanke ba. Tana ƙifta ido kamar hasken ya yi mata yawa. Ban taɓa ganinta ba. Ban taɓa jin akwai ta ba.

Ya ce wa jami'in, "Jikata ce. 'Yar marigayiya 'yata. A rubuta."

Da aka gama muka fito tare, muka tsaya a gindin bishiyar makaranta. Ya ce, "Ƙofar ɗakinmu shekara huɗu ke nan da igiya nake ɗaure ta." Na ce me ya hana ka kira ni. Ya ce, "Kai da kake ganin komai da gudumar nan? Na san ranar da ka shigo gidana ka gama da ni. Duk tsiyar da nake maka, don kada ka ce za ka zo ne."

Na ce ashe ƙofofina ba a karkace suke ba.

Ya share ido da tef ɗin ya ce, "A karkace suke. Gobe ka zo ka sa mini ɗaya."

Goma. Jami'in ya sa hannu. Surukata ta zo ta durƙusa a gabana a tsakiyar mutane, ta ce, "Baba, sannu da aiki." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya ishe ni.

Asabar, 31 ga Mayu

Na sa wa Tela ƙofa. Yarinyar ta zauna kusa da ni, ta ɗora tafinta a kan ƙyauren tana jin dukan a hannunta. Ba wanda ya ce a ɗauke ta.

Laraba, 4 ga Yuni

Malam ya karɓi aikin gida. Ni a kan Malamar su 'Yar Ƙusa na rubuta jimlata, don ita ta fara. Ya ce Turancin daidai ne, amma ai cewa ya yi kowa a kan kansa. Na ce ban samu wadda ta dace ba. Sai ya juya ga allo ya rubuta wata, da "kafinta" a farkonta, ya ce kowa ya kwafa. Tela ya ce, "Malam, wannan ta yabon ce ko ta an gaji da mutum?" Malam ya ce duka biyun. Ni dai na kwafa ne kawai don an ce a kwafa.

Gadon mutumin nan ya kusa. Ya zo dubawa da safe, ya tarar da ita a kan teburina tana jera ƙusoshi. Ya gaishe ta ba ta ɗago ba. Na ce masa kurma ce, ka zago ta gabanta ka ɗaga mata hannu. Ya zago. Ta amsa, ta ci gaba da aikinta. Sai da ya tafi na lura ba ta tashi ba. Ƙafar gadon ɗaya tana son ƙari kaɗan, gobe zan duba.

Malama ta ce goma ba ta da tabbas, in yaro ɗaya ya yi ciwo ko iyaye suka tashi, an koma gidan jiya. Tana son a kai goma sha biyar kafin sabon zango. Ranar Asabar za ta buɗe ajin ga duk mai son gani. Gida na biyar zan koma jibi, ba da jaka ba.

Na samu wani falanki mai kyau na goge shi, na shafa masa farin fenti. Gobe zan kafa shi a gaban shago inda duk mai wucewa zai gani. Ga abin da zan rubuta, bari in gwada a nan kada in yi kuskure a kan katako:

Ranar Asabar ƙarfe goma, a makarantar firamare, ajin kurame. Jikata tana ciki, ta iya sunana. Maza da mata, manya da yara, mai yaro a gida da marar yaro, kowa ya zo ya gani da idonsa. Ta babbar ƙofa ake shiga.